Wa doka ta yarda ya saurari wayarka?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wani abokin hulɗata ya ɗauki atamfa bashi. Da na kira shi ya amsa da bakinsa cewa kuɗina suna wurinsa, ni kuma na naɗi maganar bai sani ba. Yanzu ya ce ko sisi ba na binsa, har ƙaninsa yana barazanar za su kai ni ƙara saboda na naɗe shi a ɓoye. Na yi laifi? Alƙali zai karɓi muryar? Sannan wani mai gyaran waya ya ce zai iya sa wa mutumin wata manhaja in riƙa jin duk kiran da yake yi. Kuma don Allah, gaskiya ne gwamnati tana jin duk abin da muke faɗa a waya?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka game da ƙanin nan, amma ka yi nesa da mai gyaran wayar. Abin da dokar Najeriya take dubawa da farko shi ne matsayin mai sauraro: da kai ake maganar, ko kuwa laɓe ka yi wa wasu? Kiran da ka naɗa, da kai aka yi shi. Wanda mai gyara yake tallata maka kuwa laɓe ne tsantsa, kuma akwai ɗauri a kansa.

Tushen al'amarin yana cikin sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, ya kuma ambaci hirar tarho da sunanta. Dokar da ta mai da keta wannan sirri laifi a zamanin waya da kwamfuta ita ce dokar laifukan intanet ta 2015. Sashe na 12 nata ya ce duk wanda da gangan, ba tare da izini ba, ya yi amfani da na'ura ya tare saƙo ko bayanan da ba na jama'a ba suna kan hanyarsu, zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Kai ba ka tare komai a hanya ba. Maganar wurinka aka aiko ta, ta iso, ka adana. Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 kan sauraron sadarwa bisa doka ma sun faɗa a fili cewa sauraro ya halatta idan ɗaya daga cikin masu maganar ya yarda, kuma kai ɗaya ne daga cikinsu. Dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda wasu lauyoyi suke son ɗagowa a irin wannan rigima, ita ma ta sassauta wa wanda ya riƙe bayanin wani don ya kafa hujja ko ya kare kansa a gaban shari'a.

Wannan ba ya nufin lauyan abokin hulɗarka zai rasa abin faɗa. Zai iya tsayawa kan sashe na 37 ya ce wanda yake karewa ya yarda a ji muryarsa ne, bai yarda a adana ta ba. A Ghana irin wannan hujja ta ci. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Cubagee da Asare wadda ta taso daga rikicin fili, ta yanke cewa wanda ya naɗi hirarsa ta waya da wani a ɓoye ya keta haƙƙin sirrin da sashe na 18 na kundinsu ya bayar, ta kuma hana a yi amfani da muryar. Saboda haka 'yan'uwanmu na zangunan Kumasi da Akara kada su ɗauki wannan amsar su yi aiki da ita, tasu dokar daban ce. A Amurka ma jiha-jiha ce: dokar tarayya ta wadatu da yardar mutum ɗaya, amma jiha irin Kalifoniya sai kowa ya yarda.

Abin da ya bambanta mu da Ghana yana cikin dokar shaida ta 2011, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sashe na 14 ya ce hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba, ko ma ta hanyar karya doka, kotu za ta karɓe ta, sai fa idan alƙali ya auna ya ga illar karɓar ta fi amfaninta. Sashe na 15 ya jero abin da zai auna: nauyin hujjar, muhimmancinta a shari'ar, girman laifin da aka yi wajen samo ta, ko da gangan aka yi, da kuma ko akwai wata hanya mai tsabta da za a iya bi. Wannan tsohuwar hanya ce da muka gada daga Turawan Ingila, Kotun Ƙolinmu ta tabbatar da ita tun 1968 a shari'ar Musa Sadau. To, a kula: karɓar hujja daban, wanke wanda ya kawo ta daban. Mutum zai iya shigar da muryar da ya sato, ya ci shari'arsa, gobe kuma a gurfanar da shi kan satar. Kai dai ba ka cikin wannan rukuni, shi ya sa nake ganin da wuya a ƙi muryarka saboda yadda ka same ta.

Inda na fi jiye maka tsoro shi ne sashe na 84 na dokar shaidar. Duk abin da ya fito daga na'ura, wayar hannu ma tana ciki, sai an nuna wa kotu cewa na'urar tana aiki daidai lokacin da aka yi naɗin, kuma ta hanyar da aka saba amfani da ita bayanin ya shiga. Ana yin haka da baki a akwatin shaida, ko da takardar shaida mai sa hannun wanda yake kula da na'urar. A 2012, a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba, kuma tun daga nan lauyoyi suka mai da sashen makami. Hujjoji masu kyau da yawa a nan suke mutuwa, ba a kan sirri ba.

Don haka ka kiyaye wayar da ka yi naɗin da ita. Kada ka sayar, kada ka ba yaro, kada ka bari a yi mata wankin da zai share komai. Kada ka yanke farkon maganar don ka ga gaisuwa ce kawai, domin muryar da aka datse ita ce farkon abin da za a ce an haɗa. Wadda aka tura ta WhatsApp daga hannu zuwa hannu ba ta kai ta asali ƙarfi ba, musamman yanzu da ake iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta, kuma kowane mai musu ya san da haka. Ka ɗauki hoton jerin kiran da ya nuna lamba da rana da lokaci. Ka nemo wanda ya san muryar mutumin, ka haɗa da littafin shago, da yaron da ya ɗora kayan, da duk wani kuɗi da ya taɓa turo maka ta banki. Murya ita kaɗai tana iya nuna ya amsa bashi, amma sau da yawa ba ta faɗi nawa ba, ba ta faɗi na wane kaya ba. Idan kuma kotun Shari'ar Musulunci ka nufa, ka san alƙali zai bi ƙa'idarsa ta shaidu da iƙirari da rantsuwa. Yana iya sa a kunna muryar a gaban mutumin a tambaye shi, amma kada ka je da ita kaɗai. (Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take. Da 'yan kasuwarmu suna aiki da ita, da rabin irin waɗannan shari'o'i ba su zo gabanmu ba.)

Abu guda da zai iya juya maka al'amarin shi ne yaɗawa. Muddin muryar tana tsakaninka da lauyanka da alƙali, ko dattawan kasuwa da za su yi sulhu, kana kan tudu. Ranar da ka saka ta a zauren WhatsApp na 'yan layinku ko a Facebook da rubutun "ga macuci", ka buɗe ƙofar ƙarar ɓata suna, wadda a dokar Final Kod ta Arewa laifi ce mai ɗauri, ban da diyya. In ka ce masa "ka biya ko in tona maka asiri", za a iya karanta shi a matsayin barazana. Kuma kada ka kai maganar caji ofis da niyyar su karɓo maka kuɗi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Kano tana da kotun ƙananan basussuka tun 2019, an kafa ta ne don irin wannan.

Mai gyaran waya kuwa, abin da yake son sayar maka shi ne ainihin abin da sashe na 12 ya hana. Hirar mutumin da matarsa, da bankinsa, da sauran abokan cinikinsa, ba da kai ake yi ba, kuma bashin da kake binsa bai ba ka izinin jin su ba. Kai da ka biya da shi da ya dasa, duka kuna ciki, domin dokar ta haɗa da mai taimakawa da mai haɗa baki. Sannan ka yi tunanin wannan: irin waɗannan manhajoji suna kwashe komai ne su aika wata kwamfuta a ƙasar da ba ka sani ba, kuma mai gyaran da ya buɗe asusun shi ma yana riƙe da mabuɗi. Yawanci ma sai an riƙe wayar mutum a hannu kafin a dasa su. Wanda ya ce maka da lambar waya kawai zai jiyo maka kiran wani a kan 'yan dubbai, kuɗinka yake so.

Na san mafi yawan masu neman wannan manhaja ba bashi ne ya kai su ba, zargi ne tsakanin miji da mata. Aure bai cire kowa daga kariyar sashe na 37 ba, kuma cewa "ni na saya mata wayar" ba izini ba ne. Ta fuskar addini maganar ta fi tsauri. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya kasa kunne ga zancen mutane alhali ba sa so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar ƙiyama. Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare yana tuhumarsu ko yana neman kuskurensu. Malamai irin su Mawardi sun yi togiya ga hukuma a wuri ƙunci, kamar a samu labari daga amintacce cewa wani ya keɓe da wani zai kashe shi, wato ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa. Abin sha'awa, togiyar da dokar zamani ta yi wa gwamnati kusan a kan wannan ma'auni take, a takarda dai.

Sashe na 45 na kundin tsarin mulki ya yarda a taƙaita haƙƙin sirri da doka saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, ko kare haƙƙin wasu, matuƙar taƙaitawar abin karɓa ce a ƙasar dimokuraɗiyya. A kan wannan aka gina sashe na 39 na dokar laifukan intanet, wanda ya ba alƙali ikon umartar kamfanin sadarwa ya tare ko ya naɗi sadarwar wani idan an rantse a gabansa cewa ana bukatarta don binciken laifi. Ƙa'idojin NCC na 2019 suka zo suka yi bayani dalla-dalla. Ba kowane mai kaki ne zai nema ba. Manyan hukumomin tsaro ne irin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da hukumar DSS. Alƙalin Babbar Kotun Tarayya ne yake ba da waranti, na wata 3, ana iya sabuntawa. Abin da aka naɗa ana ajiye shi shekara 3 sannan a lalata. Hukumomin kuma za su riƙa kai rahoto ga Antoni Janar na Tarayya duk shekara. Kamfanonin waya dole ne su girka na'urorin da za su sa sauraron ya yiwu.

In ka tsaya nan sai ka ce tsari ya yi kyau. Amma ƙa'idojin sun bar ƙofa: idan akwai barazanar kisa ko mummunan rauni, ko abin da ya shafi tsaron ƙasa, ko laifin gungu, hukuma za ta iya fara sauraro ba waranti, ta nemo shi cikin awa 48. Garkuwa da mutane ta sa ba mai musun bukatar irin wannan gaggawa. Matsalar ita ce "tsaron ƙasa" riga ce da ake sa wa kusan komai a ƙasar nan. Ana neman warantin ne a asirce, ba wanda yake tsaya wa mutumin da za a saurara, kuma ko an gama ba a same shi da komai ba, babu inda aka wajabta a sanar da shi. Wanda bai san an taɓa haƙƙinsa ba, yaya zai je Babbar Kotu ya nemi a bi masa kadi kamar yadda sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya ba shi dama? Rahoton shekara kuma wurin Antoni Janar yake zuwa, wanda shi ma ɗan majalisar ministocin gwamnatin da take sauraron ne. A ganina wannan shi ne babban raunin tsarinmu, tare da cewa abu mai nauyi haka hukuma ce ta rubuta shi a matsayin ƙa'ida, ba Majalisar Tarayya ce ta yi muhawara a kansa sashe-sashe ba. A Afirka ta Kudu, a Fabrairun 2021, Kotun Tsarin Mulki ta ce dokarsu ta sauraro ta saɓa wa kundi saboda irin waɗannan giɓi, bayan wani ɗan jarida mai bincike ya gano an saurari wayarsa. A Amurka dokar 1968 ta wajabta a sanar da mutum cikin kwana 90 bayan an gama. A Nijar kuwa, dokar da majalisa ta amince da ita ranar 29 ga Mayun 2020, wadda 'yan adawa suka ƙaurace wa, a hannun shugaban ƙasa ta sa izinin, ba alƙali ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi sauraron murya yawa a aikace, mutane ba su cika lura da shi ba. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ya tilasta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan mai layi da na zirga-zirgar kira har shekara 2: wa ka kira, yaushe, minti nawa, kana kusa da wane ƙarfen sabis. Ba muryar ba ce, don haka masu cewa "a je kamfani a ciro abin da ya faɗa bara" su daina wahalar da kansu. Amma waɗannan bayanai jami'an tsaro suna iya nemansu kai tsaye, sashen bai gindaya zuwa gaban alƙali ba, kuma tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a Disambar 2020 kowane layi yana da fuska. Da su ake kamo ɓarayi da masu neman kuɗin fansa. Da su kuma, kamar yadda ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta nuna a rahotonta na 2020, 'yan sanda suka bi abokan wasu 'yan jarida suka yi amfani da su wajen kamo su.

Kayan aiki kam akwai. A 2013 jaridar Premium Times ta fallasa kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin Jonathan ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido kan intanet. A Disambar 2020 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da suka gano alamun suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, waɗanda suke bi ta raunin tsohon tsarin da kamfanonin waya suke haɗuwa da juna su gano inda mutum yake, su tare kira da saƙo. A ƙaramin kasafin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA sama da naira biliyan 4.8 don sa ido kan WhatsApp da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. Sai dai mallakar na'ura daban, zama a saurari layuka sama da miliyan ɗari daban. Sauraro aiki ne mai cin kuɗi da ma'aikata, ana zaɓen wanda za a yi wa. Ɗan siyasa, ɗan jarida, ɗan gwagwarmaya, da wanda lambarsa ta bayyana a wayar wanda ake nema, su ne suke da dalilin damuwa.

Ƙarar "ƙyas-ƙyas" ko amsa-kuwwa da mutane suke ji a kira ba alama ba ce. Sauraron hukuma a cibiyar kamfani ake yin sa, ba ya barin sauti. Lambar *#21# da ake yaɗawa wai tana tona asirin masu sauraro, abin da take nunawa kawai shi ne ko an karkatar da kiranka zuwa wani layi, kuma ##002# tana soke karkatarwar. Kiran WhatsApp da saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya tun 2016, kamfanin layinka ba ya iya buɗe su, shi ya sa mai son ji yake neman shiga wayar kanta. Manyan manhajoji irin Pegasus na gwamnatoci ne, tsadarsu ta fi ƙarfin abokin gabar ɗan kasuwa. Kai abin da zai same ka ya fi kusa: wanda ya ari wayarka minti biyu ya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa, ko wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka. Ka shiga saitin WhatsApp ka duba jerin na'urorin da aka haɗa, ka cire wadda ba ka sani ba, ka kunna lambar sirri ta mataki na biyu. In za ka kai waya gyara, cire layi da katin ajiya, kuma kada ka ba da lambar buɗewa sai aikin ya tilasta, kana tsaye a wurin. Kafin ka kai wannan wayar taka ko'ina ma, ka fara zuwa da ita ofishin lauyanka a kwafi muryar, a rubuta takardar sashe na 84 tun abin yana sabo a kanka.